Kirari da Shaida: Nazarin Kan Sarki Masu Ɗauke da Tarihin Kai Wasiƙa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin masu sha'awar tara kan sarki akwai waɗanda ba ruwansu da ƙasar da ta buga shi ko tsadarsa, jigon hoton da ke jikinsa kaɗai suke bi. Wani tsuntsaye yake tarawa, wani furanni, wani jiragen ruwa. Akwai kuma masu bin jigon da ya fi kowanne kusa da shi kan sarkin kansa, watau tarihin kai wasiƙa: mai gudu da jaka a kafaɗa, da mahayin doki, da raƙumi, da jirgin ƙasa, har ya zuwa jirgin sama. Kundin irin wannan mai tarawa abin sha'awa ne ƙwarai. Malamin makarantar da ya aro shi zai ga kamar ya sami littafin tarihi wanda ba ya bukatar dogon bayani, tun da masu iya magana sun ce gani ya kori ji.

Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan zato. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa hoton da hukuma ke zanawa game da aikinta na kai wasiƙa ya fi kusa da kirari bisa ga tarihi, saboda haka da ma'aunin kirari ya kamata a karanta shi. Za a duba misalai daga Indiya da Sudan da Amurka da Nijeriya. Daga nan sai a nuna inda shaidar tarihin take, da yadda mai tarawa kan halaka ta da hannunsa ba tare da ya sani ba.

2.0 Wane ne Mai Magana?

Kafin a yi sharhin kowane zance, wajibi ne a san bakin da ya fito. A nan harshen Hausa ya sauƙaƙa mana aiki, domin sunan da Bahaushe ya raɗa wa wannan 'yar takarda ya riga ya faɗi mai ita. Kan sarki na farko a duniya ya fara aiki a Ingila ran 6 ga watan Mayu 1840, bisa shawarar Rowland Hill, kuma kan Sarauniya Biktoriya ne a jikinsa. Shi ne kuma a jikin na Jihar Arewa da aka fitar a 1900. Amma Sarauniyar ta rasu a farkon 1901, daga nan har 1952 sarakuna maza ne suka yi ta bin juna a gadon sarautar Ingila. Ga alama a cikin wannan rabin ƙarni ne sunan ya zauna a bakin jama'a, shi ya sa ba mu ce kan sarauniya ba. Haka nan "gidan waya" ya samo sunansa daga wayar tangaraho da ake bugawa a ofishi ɗaya da inda ake karɓar wasiƙu.

Ke nan tun daga sunansa kan sarki maganar mai mulki ce. In ya ɗauki hoton mai kai wasiƙa, hukuma ce ke yabon aikinta da bakinta. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, kuma kirari ba ƙarya ba ne. Maroƙin da ya yi wa basarake kirari da yaƙin da kakansa ya ci, an yi yaƙin kuwa. Sai dai kirari yana da ɗabi'unsa da duk mai sauraro ya sani. Yana jera daraja hawa-hawa, yana riga aiki faɗin nasara, yana kambama ƙaramin abu, sa'an nan yana tsallake abin da ba ya ƙara wa ubangida girma. Waɗannan ɗabi'u huɗu su ne za a bi ɗaya bayan ɗaya.

3.0 Jeranta Daraja: Indiya, 1937

A 1937 gwamnatin Ingila a Indiya ta fara fitar da sabon jerin kan sarki na zamanin Sarki Joji na Shida. Guda 8 daga cikinsu hanyoyin kai wasiƙa suke nunawa, kowanne da kan Sarkin a gefe. Kuɗin Indiya na lokacin rufi ne, ana 16 ke yin rufi guda. Ga yadda aka jera su: na ana 2, mai gudu da ƙafa, na ana 2 da rabi, amalanken shanu, na ana 3, keken doki, na ana 3 da rabi, raƙumi, na ana 4, jirgin ƙasa, na ana 6, jirgin ruwa, na ana 8, babbar mota, na ana 12, jirgin sama.

Ta fuskar zane jerin ya ƙayatar, kuma duk mai bin wannan jigo yana son ya mallake shi. Amma a lura da zubinsa. Kuɗi yana hawa, ɗan Adam yana ɓacewa. Mutumin da ke gudu da ƙafarsa shi ne mafi araha, dabba ta fi shi, ƙarfe ya fi dabba, abin da ke tashi sama ya fi kowa. Rabin farko na jerin abubuwan da Indiyawa suka gada ne, rabin ƙarshe kuwa abubuwan da Turawa suka kawo. Ba a rubuta kalma ko ɗaya ba, amma an gama huɗuba a kan wanda ya kawo ci gaba.

Mai tarawa kan ƙara wa wannan huɗuba ƙarfi. In ya zo liƙa su a kundi, sai ya bi tsarin kuɗin, mai kallo kuma ya ɗauka zamani ne ke bin zamani, watau mai gudu ya shuɗe sa'an nan jirgi ya zo. Alhali a 1937 duk hanyoyin nan takwas tare suke aiki. Indiya ce ma aka fara ɗaukar wasiƙun hukuma a jirgin sama, ran 18 ga Fabrairu 1911, daga Allahabad zuwa Naini, amma wannan bai sallami mai gudu daga aiki ba. Inda dogo ya ƙare, inda mota ba ta hawa, shi ne dai ke karɓar jakar, riƙe da mashi mai ƙararrawa don korar namun daji da sanar da isowarsa. Wasiƙar da ta tsallaka teku a jirgi, sau da yawa a kafaɗarsa take ƙarasa tafiyarta.

4.0 Riga Aiki Faɗi: Sudan, 1898

Da wuya a sami kan sarkin Afirka da ya kai na Sudan mai hoton mahayin raƙumi suna. Wani hafsan sojan Ingila, Kyaftin Edward Stanton, shi ya zana shi bisa umarnin Kitchener, a lokacin da rundunar Ingila da Masar ke gangarowa kudu ta bakin kogin Nilu don yaƙar daular Mahadi. Labarin da ya shahara shi ne, Stanton ya roƙi wani shehin Larabawan yankin ya hau raƙuminsa ya yi ta sukuwa a gabansa, aka cusa ƙaiƙayi a buhuna aka rataya a matsayin jakunkunan wasiƙa. A jikin jakunkunan ya rubuta sunayen garuruwa biyu, Barbar da Hartum.

Abin lura a nan shi ne kwanan wata. An fitar da kan sarkin ran 1 ga Maris 1898. Barbar tana hannun rundunar tun 1897, amma Hartum na ƙarƙashin Halifa Abdullahi, wanda ke zaune a Omdurman a tsallaken kogi. Sai ran 2 ga Satumba 1898 aka gwabza yaƙin Karari, inda aka karya rundunar Halifa. Watau wata shida cur raƙumin yana ɗauke da wasiƙun garin da masu buga shi ba su da ikon taka ƙafa a cikinsa. Wannan shi ne kirarin da jarumi ke yi kafin a fita daga, yana faɗin abin da zai yi kamar ya riga ya yi.

Akwai ƙarin darasi a jikin takardar kanta. Bugun farko yana da wata alama a cikin takardar, irin wadda sai an ɗaga ta a haske ake gani, mai siffar fure mai kunne huɗu. Musulmin ƙasar suka ga ta yi kama da gicciye, ga shi kuwa da harshe ake lasar kan sarki. Daga 1902 aka musanya ta da wata da tauraro. Wannan ya nuna masu sauraron kirari su ma suna da ta cewa.

Adalci ne a faɗi cewa hoton ya fi ƙarfin manufar da ta haife shi. Raƙuma sun yi jigilar wasiƙu a Sudan da gaske. Zanen ya zauna a jikin kan sarkin ƙasar fiye da shekara 50, har aka yi masa bikin cika hamsin da wani kan sarki na musamman a 1948. Da Sudan ta sami mulkin kai a 1956 ba ta yar da shi ba, sai ma ta ɗora shi a kan tsabar kuɗinta. Kirarin mai cin ƙasa ya koma taken waɗanda aka ci. Mai tarawa da ya liƙa shi a shafin "zamanin raƙumi" ya wuce, bai karanta ko rabin abin da ke cikinsa ba.

5.0 Kambamawa: Amurka, 1940 da 1960

A Amurka hoton da ya zama tambarin tarihin kai wasiƙa shi ne na saurayi a kan doki yana sukuwa, watau aikin da ake kira Pony Express. Hukumar gidan wayar ƙasar ta yi masa kan sarki na tunawa a 1940, da ya cika shekara 80, ta sake yi a 1960, da ya cika 100. Aikin kansa abin mamaki ne. Mahaya suna miƙa wa juna jaka, suna sauya dawaki a zango-zango, daga St. Joseph a jihar Missouri zuwa Sacramento a Kalifoniya, tafiyar kimanin mil 1,900 a cikin kwana 10.

To amma ga abin da hoton bai faɗa ba. An fara aikin ran 3 ga Afrilu 1860, ya tsaya a watan Oktoba 1861, da wayar tangaraho ta haɗa gabas da yammacin ƙasar. Rayuwarsa duka wata 18 ce da 'yan kwanaki. Kamfanin 'yan kasuwa ne ya kafa shi, kuma da hasara ya tashi. Kuɗin aika wasiƙa mai nauyin rabin oza da farko dala 5 ne, abin da ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Yawancin wasiƙun da ke zuwa Kalifoniya a waɗannan shekaru a jirgin ruwa suke tafiya ta hanyar Panama, ko a keken dawaki mai ɗaukar fasinja. Sai dai buhu a cikin jirgi ba ya tsuma zuciya kamar mahayi shi kaɗai a dokar daji, kuma hoton mahayin ya dace da labarin da Amurkawa ke son ba kansu game da yadda suka mallaki yammacin ƙasar. Mutanen asali da hanyar ta ratsa ƙasarsu ba su da wuri a cikin zanen.

Kambamawa ado ce a adabi, ba wanda zai zargi mawaƙi da ita. Laifin yana wajen wanda ya ɗauki girman hoto a matsayin girman aiki, ya ba wata 18 shafi guda a kundinsa, ya ba shekaru aru-aru na masu tafiya a ƙasa layi ɗaya.

6.0 Tsallake: Nijeriya, 1949 da 1961

An kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na Suwizalan ran 9 ga Oktoba 1874. Da ta cika shekara 75 a 1949, Ingila ta buga wa ƙasashen da take mulka kan sarki guda huɗu na tunawa. Na Nijeriya su ne na kwabo da taro da sisi da sule. Zane ɗaya ne aka yi wa Nijeriya da Gambiya da Saliyo da Jamaika da Fiji da sauransu, sunan ƙasa da kuɗi kawai ake sauyawa. Ɗan aiken da ya fito a biyu daga cikinsu shi ne Hamis, manzon alloli a tatsuniyoyin Girkawan dā, mai fukafukai a ƙafa, yana shawagi a bisa duniya. Mutumin Katsina da ya sayi na kwabo a wannan shekara, da hoton manzon Girkawa ya aika wa ɗan'uwansa gaisuwa.

Bayan mulkin kai Nijeriya ta shiga ƙungiyar da sunanta a 1961, ta kuma fitar da nata guda huɗu: jirgin ƙasa a na kwabo, mota a na taro, jirgin sama a na sule da taro, jirgin ruwa a na sule biyu da sisi, kowanne tare da taswirar duniya. Ana iya fahimtar dalili. Sabuwar ƙasa tana son ta nuna ita ma ta zamani ce. Amma sakamakon shi ne, mai gudun da Indiya ta ba matakin ƙasa a tsaninta, a wannan jeri ko matakin ƙasan bai samu ba.

Ba kuwa don babu shi ba ne. Kalmar "wasiƙa" daga Larabci muka aro ta, haka ma "hatimi", kuma dukansu sun girmi gidan waya a ƙasar Hausa. Muhawarar da Muhammadu Bello ya yi da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno a kan halaccin jihadi ta hanyar wasiƙu aka yi ta, Bello ya kuma kawo su a littafinsa Infaƙul Maisuri. Kowace ɗaya daga cikinsu da ƙafar mutum ko ta doki ta ratsa ɗaruruwan mil. Ofishin Wazirin Sakkwato shi ke riƙe da musayar takardu tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan daula, kuma wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903 su ne H. F. Backwell ya fassara ya buga a Legas a 1927. Gaskiya ne wannan tsari na sarauta ne, ba a buɗe yake ga kowa ba. Talaka da fatake yake ba da saƙonsa, ko almajirai masu yawon karatu, ko mahajjata. Amma ko gidan wayar Turawa, kafin dogo ya iso Kano a 1911, a kan mutane yake ɗora buhunansa daga bakin kogi, bayan isowarsa ma masinja ne ke ƙarasawa da su garuruwan da ke nesa da tasha. Wanda ya koyi tarihin kai saƙo a wannan ƙasa daga jerin 1949 da na 1961 zai zaci da ƙarar jirgi aka fara shi.

7.0 Inda Shaida Take

In hoton kirari ne, ina shaida? Tana jikin ambulan. Hatimin gidan waya yana ɗauke da sunan gari da ranar da aka karɓi wasiƙa. A dā akan buga wani a bayan ambulan a garuruwan da ta ratsa da kuma inda ta sauka. Ma'aikacin da ya buga shi ba yabon kowa yake yi ba, aikinsa kawai yake yi. A misali, kamfanin jiragen saman Ingila ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano a watan Fabrairu 1936. Wanda ya sami ambulan biyu daga Kano zuwa Landan, ɗaya kafin wannan wata ɗaya bayansa, ya kwatanta hatimansu, zai ƙidaya da yatsunsa kwanakin da jirgin sama ya rage. Babu hoton jirgin da zai ba shi wannan lissafi.

Ambulan yana faɗin wasu abubuwan kuma. Rubutun adireshi yakan nuna hannun masu rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin gidan waya. Wani lokaci akan ga boko da ajami a takarda guda. Wasiƙun da sojojinmu suka aiko daga Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suna ɗauke da hatimin mai tace wasiƙu, da yawansu kuwa ba su da kan sarki ko ɗaya, domin an yafe wa sojan da ke fagen fama kuɗin aikawa. Ga mai bin hoto kawai waɗannan ba su da amfani, alhali kuwa da wuya a sami takardun da suka fi su faɗin abin da wasiƙa take nufi ga mai ita.

A nan ne ɓarnar take. Abin da aka koya wa yaran makaranta shekara da shekaru shi ne su yage kusurwar ambulan, su jiƙa ta a ruwa har kan sarkin ya saki, su shanya shi, su yar da sauran. Kasuwar masu tarawa kuma takan fifita sabo fil wanda danƙonsa ke nan, watau wanda bai taɓa kai saƙon kowa ba. An saki reshe ke nan an kama ganye. Manyan masana wannan fanni sun daɗe da gane haka, shi ya sa a wuraren baje koli na duniya ake ware rukunin tarihin gidan waya, mai dogara ga ambulan da hatimi, dabam da rukunin tarawa bisa jigo. Sai dai wannan sani bai sauko ga yawancin masu tarawa ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Kalmar "waya" a bakin yaran yau tana nufin abin da ke cikin aljihunsu. A watan Maris 2025 kamfanin gidan wayar Danmak ya ba da sanarwar daina raba wasiƙu daga ƙarshen shekarar, bayan shekara 400 ana yi a ƙasar. Kan sarki an buga shi dubbai bisa dubbai, ana kuma iya samun hotonsa a littattafan masu tarawa. Ambulan kuwa kowanne shi kaɗai ne, in gara ta ci shi ko aka share shi da shara bayan rasuwar mai shi, ya tafi ke nan.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ba ta nufin a daina tara kan sarki masu hoton kai wasiƙa. Kirari yana cikin manyan hanyoyin sanin yadda masu mulki ke son a gan su, kuma jerin da aka duba sun nuna haka a fili. Abin da ake nema shi ne malami ko ɗalibin da ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya yi masa tambayoyin da zai yi wa kowane matani: wa ya buga shi, a wace shekara, me ke faruwa a lokacin, wa aka sa a ciki, wa aka bari a waje. Mai tarawa kuma ya rubuta shekarar bugu kusa da shekarar abin da hoton ke nunawa, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce rabin labarin.

Daga ƙarshe, ana kira ga duk wanda ya gaji adakar tsofaffin wasiƙu da kada ya ɓanɓare kan sarkin da ke jikinsu. A bar ambulan yadda yake, da hatiminsa da rubutunsa. In ba za a iya adana su a gida ba, akwai Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da ɗakunan karatu na jami'o'inmu, inda masu nazarin harshe da tarihi za su kai gare su.